Shin sunan fonksiyo ne ya kamata ya faɗi zaren da ya halatta ya kira ta?

Ɗan_Birni:
Assalamu alaikum, ƴan uwa. Tambayata ga waɗanda suka taɓa rubuta ko gyara manhajar da ke hulɗa da kwamfutocin kwaikwayo ce, wato kwamfuta baƙuwa da ke zaune a cikin kwamfuta mai masauki. A wurin aikinmu nan Damagaram muna da sabar guda 2, kowace tana ɗauke da baƙi a kan KVM da QEMU, manhajojin da suke tafiyar da baƙin, kuma mun rubuta wa kanmu ɗan ƙaramin shiri da harshen C wanda yake kula da faifan baƙin: yana ɗaukar hoton faifai da dare, wato kwafin yadda faifan yake a lokacin, yana ƙara wa faifai girma idan ya kusa cika. Shirin yana gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda, kowace hanyar aiki ita ake kira zare: akwai babban zare ɗaya mai karɓar umarni, da ƙananan zarurruka 4 masu aikin kwafi.

Makon jiya wani yaro mai hazaƙa da ya zo koyon aiki wurinmu ya kira wata fonksiyo, wato guntun shiri da ake kira ya yi wani aiki, mai suna canza_faifai, daga cikin zaren kwafi. Ni na rubuta ta shekara 2 da suka wuce, kuma na san babban zare kaɗai ya halatta ya kira ta, domin tana sauya jerin faifan da sauran zarurruka suke karantawa. Sai dai wannan sanin a kaina yake, babu shi a sunanta, babu shi a fayil ɗin da aka sanar da ita. Kwana 3 shirin yana tafiya lafiya lau. A dare na huɗu ya mutu ana tsakiyar kwafi, muka wayi gari da hoton faifai rabi da rabi, na wuni ina bin sawun abin a gdb, manhajar binciken kurakuran shiri, kafin in ga zare biyu sun yi rige-rige a kan jeri ɗaya. Ban ga laifin yaron ba ko kaɗan, domin sunan da ya gani bai hana shi komai ba.

Ra'ayina a yanzu shi ne dokar zare ta shiga cikin sunan kanta. Duk wadda babban zare kaɗai zai kira, sunanta ya fara da wata alama. Duk wadda kowane zare zai iya kira, ya fara da wata. Mai karanta kod a layin da ake kira yake, ba ya komawa fayil ɗin sanarwa duk lokacin da zai rubuta layi ɗaya. Ina so in ji yadda manyan ayyuka suka yi da wannan, da abin da kuka gani a naku wurin.

Malama_Garin_Malam:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ita kanta QEMU da baƙinka suke zaune a kanta ta sha fama da wannan ciwon shekara da shekaru. Fabrice Bellard ya fara ta a 2003. Da zarurruka suka yawaita a cikinta, sai aka kare mafi yawan shirin da makulli guda babba, wanda ake kira BQL, zare ɗaya kaɗai yake iya riƙe shi a lokaci guda, kuma duk zaren da zai taɓa yanayin na'urorin baƙo ko tsarin shirin sai ya riƙe shi. Daga baya aka fito da zarurruka na musamman, IOThread, domin karatu da rubutun faifai, kuma amfaninsu duka shi ne su yi aiki ba tare da sun tsaya jiran babban makullin ba. A nan matsalar ta fito fili: fayil ɗaya mai suna block.h yana ɗauke da tarin fonksiyoyi, wasu suna buƙatar BQL wasu ba su buƙata, kuma ba mai iya bambance su sai tsofaffin hannu.

A QEMU 7.0, wadda ta fito a watan Afrilun 2022, an raba fayil ɗin, aikin da Emanuele Giuseppe Esposito ya jagoranta. Fonksiyoyin da suke taɓa yanayin shiri gaba ɗaya, kamar buɗe faifai da rufe shi da sauya yadda faifai yake jingine da wani faifan, suka koma block-global-state.h, kuma sai a ƙarƙashin BQL ake kiransu. Masu karatu da rubutu suka koma block-io.h. Nau'o'in bayanan da ɓangarorin biyu suke buƙata aka ajiye su a block-common.h. Dokar kuma hanya ɗaya take bi: ƴan rukunin farko suna iya kiran ƴan rukuni na biyu, amma ƴan na biyu ba su da ikon kiran na farko.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, ba su sake wa fonksiyoyin suna ba. bdrv_open tana nan da sunanta har yau. Sun dogara da fayil ɗin da aka sanar da ita, da kuma makro guda, wato gajeren suna da ke tsaye a madadin layukan kod, da aka sa a farkon jikinta, GLOBAL_STATE_CODE ko IO_CODE. Ina ganin wannan ya fi shawararka, domin sake suna yana tilasta a taɓa kowane layi da ya kira fonksiyon, ita kuwa rabuwar fayil ba ta karya kod ɗin kowa.

Injiniya_Zango:
Ina goyon bayan Malama, kuma zan ƙara dalili ɗaya da ya sa ba na amincewa da suna shi kaɗai. Mu ɗauki kalmomi biyu da muke gani kullum a ƙarshen sunaye. A QEMU da wurare da yawa na kernel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin mai kula da na'ura, idan suna ya ƙare da _locked, ma'anarsa mai kira ya riga ya riƙe makulli, fonksiyon ba za ta ɗauka da kanta ba. A ɗakin karatun C kuwa, wato tarin fonksiyoyin da ke zuwa tare da harshen, akwai getc_unlocked da putc_unlocked, kuma ma'anarsu fonksiyon ba za ta ɗauki makulli ba, mai kira ne zai riƙe shi da flockfile idan akwai wasu zarurruka. Kalmomin kishiyoyin juna ne a harshe, amma abu ɗaya suke nufi. Sannan ga unlocked_ioctl a Linux, wadda aka raɗa wa wannan suna domin ana kiranta ba tare da babban makullin kernel ba. Misali na uku ke nan, kuma ma'anarsa daban. Yaron da ya zo koyon aiki, idan ya karanta ukun nan a mako ɗaya, wace zai ɗauka?

Wurin da suna ya yi aiki sosai shi ne _r na POSIX, ƙa'idar da tsare-tsare irin su Linux suke bi. strtok, mai yanka rubutu guntu-guntu, tana ɓoye inda ta tsaya a wani wuri guda da duk zarurruka suka yi tarayya a kai, ita kuwa strtok_r mai kira ne yake ba ta wurin ajiyar. Haka localtime da localtime_r. Amma ku duba da kyau, ba harafin ne ya kare mu ba: siffar kiran ce ta canza, sai ka kawo naka wurin ajiya kafin kompila, manhajar da ke juya kod ya zama shiri, ta karɓa.

Ɗalibar_Lisans:
Malamaina, ku yi mini haƙuri, ina shekara ta biyu a jami'a nan Zinder kuma yanzu muka fara darasin zarurruka. Idan makulli ɗaya babba yana hana rige-rige gaba ɗaya, me ya sa ake wahalar rabuwa da shi? Ashe ba zai fi wa Yaya Ɗan_Birni sauƙi ya sa makulli ɗaya a kan komai ya huta ba?

Mushe_Mirya:
Ɗiyata, tambayarki ita ce ta farko da ya kamata a yi. Kin san layin famfo a unguwa lokacin zafi, jarkoki a jere tun asuba, masu kura suna jira a rana. Ko kura 10 aka ƙaro, ruwan da ke fita ba zai ƙaru ba muddin bakin famfon ɗaya ne. Babban makulli haka yake. Kina iya samun firosesa mai kai 8, amma duk zaren da yake son shiga wurin da makullin ya kare sai ya bi layi, sauran kawunan suna zaune. Ga baƙo ɗaya mai ƙaramin aiki ba za ki ji komai ba. Ga baƙon da ke ɗauke da rumbun bayanai a kan faifai mai sauri, layin ne zai zama iyakar saurinsa, ba faifan ba.

Linux ma ta bi wannan hanyar. Ta sa babban makulli lokacin da ta fara aiki da firosesa fiye da ɗaya, kuma ba a gama cire shi ba sai a 2.6.39, a 2011, bayan shekaru ana warware shi guntu-guntu. Abin da ya sa ya daɗe shi ne, kod mai yawa ya dogara da makullin ba tare da ya faɗi haka a ko'ina ba, daidai da canza_faifai ta Ɗan_Birni. Ga shirinsa mai zare 5 kuwa, shawararki ba ta da aibu, matuƙar ba a riƙe makullin ana cikin kwafi mai tsawo ba.

Ɗan_Birni:
Mushe, na yi tunanin haka. Matsalar ita ce canza_faifai tana jiran amsa daga QEMU, wani lokaci daƙiƙa da yawa, kuma idan ta riƙe makulli ɗaya a duk wannan lokacin, zarurrukan kwafi duka za su tsaya. Shi ya sa tun farko na keɓe ta ga babban zare.

BaDamagare_a_Yamai:
Abin da ya fi burge ni a tsarin da Malama ta kawo shi ne makro ɗin nan biyu. Kowace fonksiyo tana da mai gadi a bakin ƙofa: GLOBAL_STATE_CODE yana duba ko babban zare ne ya kira, IO_CODE kuma yana duba ko zaren karatu da rubutu ne. Wanda ya kira daga inda bai dace ba, shirin ya tsaya nan take ya nuna layin.

Malama_Garin_Malam:
Ɗan uwa na Yamai, rabin maganarka daidai ne, rabin yana buƙatar gyara, kuma gyaran yana da muhimmanci ga wannan muhawara. GLOBAL_STATE_CODE da gaske yana dubawa, yana tambayar qemu_in_main_thread, idan amsar a'a ce shirin ya tsaya. IO_CODE kuwa fanko ne, ba ya yin komai lokacin da shiri yake gudana. Dalili a fili yake: fonksiyon da kowane zare ya halatta ya kira, babu zaren da za a kora daga gare ta. Saboda haka alama ce ga mai karatu kawai, alkawari ne da marubucin ya ɗauka cewa ba zai taɓa yanayin gaba ɗaya a cikinta ba. Abin da yake kama mai karya alkawarin shi ne, ranar da ya kira wata ƴar rukunin farko daga zaren IOThread, mai gadin waccan ne zai tare shi.

Wani abu kuma da ƙanena ya kamata ya kwaikwaya: QEMU ba ta yarda a harhaɗa ta da NDEBUG, wato ba a kashe waɗannan tabbatarwar a shirin da ake ba jama'a. Na ga wurare da yawa inda ake cika kod da assert, wato layukan tabbatarwa irin waɗannan, sannan a kashe su duka a sabar da ke aiki, alhali a can ne rige-rigen yake faruwa, ba a kwamfutar mai rubutu ba.

BaDamagare_a_Yamai:
Na gode, Malama, na buɗe main-loop.h na ga yadda kika faɗa.

Tsohon_Sabon_Gari:
Ƴaƴana, ni zan tsaya a bayan Ɗan_Birni, domin na ga kun taru kun rinjaye shi da wuri. Hujjata daga QEMU ɗin da kuke kafa hujja da ita zan ɗauko ta. Shekaru masu yawa fonksiyon da ke ɗaukar babban makulli sunanta qemu_mutex_lock_iothread. Sunan ya samo asali ne tun lokacin da ake kiran babban zare da wannan kalma. Bayan an fito da IOThread na musamman, kalmar ta koma nufin zarurrukan da ba su riƙe makullin, sai sunan ya zama yana nuna wa sabon shiga akasin gaskiya. A farkon 2024, kafin fitowar QEMU 9.0, Stefan Hajnoczi ya sake mata suna zuwa bql_lock, aka taɓa fayiloli masu yawa saboda wannan kaɗai. Da suna ba shi da nauyi, da ba su ɗauki wannan wahalar ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa ba su sa doka a suna. Galibi fonksiyon da ke gudana a cikin korutin, wato aikin da ke iya dakatawa ya ba wani wuri sannan ya ci gaba, ana sa mata co a suna, kamar bdrv_co_preadv, ana kuma yi mata alamar coroutine_fn. Mai duba gyaran wani yana ganin co a layin da ake kira, nan take ya tambayi kansa ko wurin da ake kiran korutin ne. VirtualBox, wata manhajar kwamfutocin kwaikwayo, ta fi su nisa: sunayenta suna ɗauke da R3 ko R0 domin a san ko fonksiyon a ɓangaren mai amfani take gudana ko a cikin kernel, kuma a bayanin da ke saman fonksiyo ana rubuta ko zaren kwaikwayo, EMT, ne kaɗai zai kira ta, ga kuma makro mai tabbatarwa.

Na yi shekaru ina duba kod ɗin matasa. Idan aka aiko mini gyara, layuka 20 ko 30 nake gani, ba fayil ɗin sanarwa ba. Mai gadin da Malama take yabo sai an gudanar da shiri, kuma sai an bi ta wannan hanyar, sannan zai yi magana. Hanyar da ake bi sau ɗaya a wata, kamar ranar da faifai ya cika ana tsakiyar ɗaukar hoto, ba za ta fito a gwaji ba. Suna kuwa yana magana tun ana karatu.

Injiniya_Zango:
Baba, Allah ya ƙara girma, misalinka na bql_lock takobi ne mai kaifi biyu. Ya nuna suna yana da nauyi, amma ya kuma nuna suna yana tsufa. Sunan da ya yi gaskiya a farko ya zauna shekaru yana ɓatar da mutane, domin tsarin zarurruka ya canza shi kuwa bai canza ba, kuma ba abin da ya tilasta a gyara shi. Mai gadi idan ya tsufa shirin ne zai tsaya, dole a gyara a ranar.

Mai_Rust_Damagaram:
Ku ba ni dama in faɗi abin da nake ganin kowa yana kewayewa. Suna, fayil, makro, duka ƙoƙari ne na rubuta wa mutum abin da kompila ya kamata ta sani. A harshen Rust nau'in bayani da kansa yake ɗauke da dokar: Send yana nufin ana iya miƙa abu ga wani zare, Sync yana nufin zarurruka suna iya duban abu ɗaya tare. Jerin faifan Yaya Ɗan_Birni, da a Rust aka rubuta shi ba tare da makulli ba, kompila ba za ta bari zaren kwafi ya sauya shi yayin da wasu suke karantawa ba, kuma yaron zai ga kuskuren a minti ɗaya maimakon dare na huɗu. Haka kuma Mutex, wato makulli, a can bayanan suna cikinsa ne, ba ka isa ka taɓa su ba sai ka ɗauki makullin. Ba a banza ba sababbin masu tafiyar da baƙi a kan KVM suka zaɓi harshen: crosvm na Google, Firecracker da Amazon ta saki a 2018, da Cloud Hypervisor.

Malama_Garin_Malam:
Ƙanena mai Rust, ban musa ko ɗaya ba. Amma mai tambaya shirinsa a C yake, yana aiki, kuma mutum 2 ne suke kula da shi. QEMU ma ba za a sake rubuta ta a shekara ɗaya ba. Akwai hanya ta tsakiya da ita ta bi: kompilar Clang tana da binciken makullai, inda kake yi wa fonksiyo alama cewa tana buƙatar makulli kaza, kompila kuma ta yi gargaɗi idan aka kira ta ba tare da shi ba. Tun daga QEMU 8.0 a 2023 ake ganin GRAPH_RDLOCK da GRAPH_WRLOCK a sanarwar fonksiyoyin faifai, na farko ga masu karanta tsarin jinginar faifai, na biyu ga masu sauya shi. Wannan ya amsa ƙorafin Baba, domin ba sai an gudanar da shiri ba. Iyakarsa ita ce kompilar GCC ba ta yin wannan binciken, sai ka riƙa harhaɗawa da Clang ko da a wurin gwaji ne.

Kuma ko Rust ba ta raba mu da tambayar gaba ɗaya ba. Tana hana zare biyu yin rige-rige a kan bayani ɗaya, amma ba ta hana cirko-cirko, inda kowane zare ya riƙe makulli yana jiran na ɗan uwansa. Wanne makulli ake fara ɗauka, wace fonksiyo ce take iya tsayawa jira, waɗannan har yanzu mutum ne yake rubuta wa mutum.

Ɗalibar_Lisans:
Malama, na je na karanta block-io.h kamar yadda kika nuna, sai na tarar da rukuni na uku a ƙasan fayil ɗin, mai makro IO_OR_GS_CODE. Idan rukuni biyu ne, wannan kuma na mene ne?

Injiniya_Zango:
Ƙanwata, kin taɓo wurin da ya fi ko'ina wuya, kuma a ganina shi ne ya rushe shawarar alama biyu da aka fara muhawarar da ita. Akwai fonksiyoyin da ba su buƙatar BQL, amma kuma ba kowane zare ne zai iya kiransu ba: sai babban zare, ko kuwa takamaiman zaren da faifan yake hannunsa. Misalinsu bdrv_drained_begin, wadda take tsayar da sababbin buƙatu ta jira waɗanda suke kan hanya su ƙare kafin a taɓa faifan. Jiran nan yana nufin zaren ya zauna yana sauraren amsoshin da ke dawowa, kuma zaren da ba shi ne mai faifan ba, ba kuma babban zare ba, ba shi da hurumin wannan sauraren.

Wato tambayar ba ta tsaya a kan ko fonksiyo tana jure wa zarurruka da yawa ko ba ta jurewa ba. Tambayoyi ne aƙalla uku a cure: wane zare ne yake kira, wane makulli ya riƙe, kuma ko fonksiyon tana iya tsayawa jira. Idan za a sa ukun a suna, sunan zai fi layin tsawo. Linux ta raba su: tana da lockdep_assert_held domin makulli, tana da might_sleep domin jira, tana barin suna ya ɗauki abin da ya fi yawan kawo kuskure, kamar _rcu da _irqsave.

Tsohon_Sabon_Gari:
To ai ka dawo wurina, ɗana. Ban ce suna ya ɗauki komai ba. Ya ɗauki abu ɗaya da ya fi cizon mutane a wannan shirin. A wurin Ɗan_Birni abu ɗayan nan a bayyane yake.

Hajiya_Mai_Sabar:
Ina so in kawo abin da ba wanda ya ambata, domin ya taɓa cinye mini kwana biyu. Ina kula da sabar wata ƙaramar makaranta, kuma na gaji wani shiri da wanda ya riga ni ya rubuta da tsari mai kyau, kowace fonksiyo ta babban zare tana da alamarta a suna. Duk da haka ya riƙa daskarewa sau ɗaya ko biyu a wata. Ranar da na kama shi wuta ta ɗauke, muna kan batir, ɗakin kamar tanda, na haɗa gdb na jera zarurruka, na ga ɗaya daga cikin ƙananan yana tsaye a cikin fonksiyo mai alamar babban zare. Na nemi sunanta a duk kod ɗin ban ga inda ƙaramin zare ya kira ta ba. Ashe an miƙa adireshinta ne a matsayin abin da za a kira idan kwafi ya ƙare, kuma zaren da ya gama kwafin shi ne yake kira. A layin da ake kiran, sunan da ke wurin na akwatin da aka ajiye adireshin ne, alamar ta ɓace.

Shirin da ke tafiyar da baƙi cike yake da irin wannan kiran. Shi ya sa a QEMU ba su tsaya a fayilolin sanarwa ba, har cikin BlockDriver, inda kowane nau'in faifai kamar qcow2 yake cika nasa adireshin fonksiyoyi, sun jera guraben rukuni-rukuni, na yanayin gaba ɗaya daban, na karatu da rubutu daban. Ɗan_Birni, duk abin da ka zaɓa, ka fara da bin guraben nan ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta zaren da yake kiran kowanne.

Ɗan_Birni:
Na gode muku duka. Jiya da yamma ni da yaron muka zauna. Mun raba fayil ɗin sanarwa gida biyu yadda Malama ta nuna, kuma fayilolin zaren kwafi ba su ƙara ɗauko na babban zare ba, saboda haka yanzu kompila tana ƙin kiran da ya jawo mana matsalar. Mun sa mai gadi mai kwatanta pthread_self, wato lambar zaren da ya yi kiran, da lambar babban zare a farkon fonksiyoyi 11. Da muka gudanar da gwaji ya tsaya sau 2 a wuraren da ni na rubuta, kuma ɗaya daga ciki daidai abin da Hajiya ta kwatanta ne, kira ta adireshi bayan kwafi ya ƙare. Mun mayar da shi saƙo da ƙaramin zare yake jefa wa babba a layi.

Maganar suna kuwa har yanzu ina nan a ra'ayina, ko da yake na rage shi. Ina so in sa alama ga ƴan rukunin babban zare kaɗai, in bar sauran yadda suke. Yaron yana ganin ba a buƙata tunda kompila tana kamawa.

Injiniya_Zango:
Ina tare da yaron. Amma ka kula da abu ɗaya: ranar da wani zai ji kompila ta ƙi, ya ƙara layin ɗauko fayil ɗin babban zare a saman fayil ɗin kwafi domin ta yi shiru, katangar ta faɗi ba wanda ya sani. QEMU ma ta bar block.h yana ɗauko duka biyun domin tsohon kod ya ci gaba da aiki, wato a can rabuwar ta fi zama jagora ga mai karatu fiye da katanga. Ka sa gwaji ɗaya da zai duba cewa fayilolin kwafi ba su ambaci wancan fayil ɗin ba.

Tsohon_Sabon_Gari:
Kuma a ranar da ya ƙara layin, mai duba gyaran zai ga alamar a sunan da aka kira, idan an sa ta.

Ɗalibar_Lisans:
Yaya Ɗan_Birni, saƙon da ƙaramin zare yake jefa wa babba, idan babban zaren yana tsaye a cikin canza_faifai yana jiran amsar QEMU, wa zai ɗauke shi? Kuma idan ƙaramin yana jiran a amsa masa kafin ya ci gaba, ashe ba cirko-cirkon da Malama ta ambata ba ne zai iya faruwa?

Ɗan_Birni:
Ƙanwata, ƙaramin ba ya jiran amsa, yana jefa saƙon ya koma kwafi na gaba, shi kuwa saƙon yana zama a layi har babban ya dawo. Amma kin tuna mini wuri ɗaya da babban zare yake jiran kwafi ya ƙare kafin ya rufe faifai, kuma alamar ƙarewar yanzu ta cikin layin nan take biyowa, layin da shi kansa ne mai ɗauka. Zan duba shi yau da dare kafin ɗaukar hoto ya fara da ƙarfe 11.